Kalmomin Sa'a Da Kwat Ɗin Yaya

Na sauka New York ina ɗan shekara ashirin da uku, shekara guda bayan an gama yaƙi a gida. Abin da na zo da shi akwatin ƙarfe ne ɗaya, da takardar shiga jami'a, da girman kai. Girman kan nan duk a kan Turanci yake. Tun ina kwaleji nake haddace ƙamus shafi bayan shafi, ina jiran wani ya yi kuskure in gyara masa. Abokaina suna tsoron yin magana a gabana, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce.

Da na fito daga wurin duba kaya a filin jirgi, sai Turancin ya gudu ya bar ni. Mutumin da jami'a ta ce zai tarye ni bai zo ba. Na tsaya riƙe da akwati, ban san gabas ba ban san yamma ba, mutane suna ta bangaje ni. Can sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, samari," da Hausa tsantsa a bayana. Na juya na ga wani gajeren mutum mai kimanin shekara arba'in, da hula a kansa da kwat ruwan toka a hannu. Ya tambaye ni daga wane gari, na faɗa masa. Ya tafa hannu ya ce shi ai ɗan ƙauyen da ke gaba da mu ne, kan hanyar kasuwar Laraba. Ya ce rakiya ya yi wa wani mai komawa gida, har zai fita sai ya hango akwatina, ya san irin wannan akwati daga wajenmu kaɗai yake fitowa.

"Ka yi sa'a," in ji shi. "Da na bi ta waccan ƙofar, da shi ke nan."

Tun daga ranar nake kiransa Yaya, ko da yake ba jini ya haɗa mu ba. Ya kai ni gidansa a unguwar Tremont da ke Bronx, hawa na huɗu, inda yake da matarsa da 'ya'ya mata biyu. Mako biyu ina kwana a kan doguwar kujerarsu. Wata rana ya dawo daga aiki ya ce yana wucewa ya ga takarda a tagar wata tsohuwar Baturiya, layi biyu daga gidansa, tana da ɗaki na haya. Kowa a unguwar ya san tsohuwar nan ba ta ba irinmu ɗaki, amma ni tana ganina ta miƙo mini makulli. Yaya ya ce sa'a ce. Da sanyi ya shigo, na fara tafiya makaranta ina rawar jiki cikin 'yar rigar saƙa, sai ya kawo mini kwat mai kauri, ya ce wani ɗan Nijar da ke aiki a ofishin jakadanci ne ya koma gida ya bar ta. Na saka, hannayen suka tsaya daidai wuyan hannuna kamar an auna ni. Yaya ya girgiza kai ya ce wannan yaro da sa'a aka haife shi.

Na kuwa yarda. Na fara ganin kaina a matsayin mutumin da duniya ke buɗe wa ƙofa tun kafin ya ƙwanƙwasa. Har na sayi ɗan littafi mai bango ja a wani shago a 125th Street, na fara tara kalmomin Turanci da ake kiran sa'a da su. Mu a Hausa muna da sa'a da dace da katari da rabo, muna juya su yadda muka ga dama. Turawa kuwa na ga sun yanka abin gunduwa-gunduwa, kowane yanki da sunansa, wannan ya burge ni ƙwarai. Akwai "windfall", wato abin da ya faɗo maka ba ka girgiza bishiya ba. A gefenta na rubuta: ɗaki. Akwai "godsend", abin da ya zo daidai lokacin da ka matsu. A gefenta na rubuta: kwat. Akwai "serendipity", wadda na fi so saboda tsawonta, ita ce mutum mai ido ya fita neman wani abu ya gano wanda ya fi shi. Sai kuma "fluke", wato wanda bai iya ba ya yi jifa ido rufe ya samu, in an ce ya sake ba zai iya ba. Wannan ban sami abin rubutawa a gefenta ba, na bar wurin a buɗe. Wasiƙun da na aika wa mahaifina a shekarar nan cike suke da waɗannan kalmomi da fassararsu. Allah ya jiƙansa, bai taɓa cewa komai a kansu ba, sai dai ya ce in gaida Yaya.

Yaya yana aiki a wani asibiti a Bronx, a ɗakin gwajin jini. Aikinsa wanke kwalabe ne da 'yan gilasan da ake ɗiga jini a kai. Amma a gida ba mai wanki ba ne. Shekara takwas ya yi a asibitin gunduma yana duba jini a madubin likita, ƙarƙashin wani tsohon malamin asibiti da ya koya masa. Da damina, in zazzaɓi ya kama gari, yakan wuni a sunkuye har wuyansa ya sage. Takardar shaida ce kawai ba shi da ita, don lokacin ba a ba irinsu takarda, aiki ake ba su. Duk wannan na sani. Na ji shi daga bakinsa a kan tuwo, na ji daga bakin matarsa, na kuma tuna tun ina yaro ana cewa a kai jini wurin ɗan ƙauyen can, shi ne mai ido.

A shekarata ta biyu aka kwantar da wani ma'aikacin jirgin ruwa a asibitinsu, zazzaɓi yana ta cinsa, likitoci sun yi ta gwaje-gwaje ba su gano ba. Gilashin jininsa ya zo hannun Yaya don a wanke. Lokacin cin abincin rana, da ɗakin ya yi shiru, sai ya ɗora shi a madubi ya leƙa. Bai gamsu ba, ya nemi ragowar jinin ya yi ɗigo mai kauri irin yadda suke yi a gida, ya rina, ya sake leƙawa. Zazzaɓin cizon sauro ne, mai tsananin nan da ke hawa kai. Ya je da ɗan Turancinsa na aiki ya ja hannun shugabar ɗakin, wata likita mai furfura, har gaban madubin. Mutumin ya rayu.

A lokacin takardar zaman Yaya ta kusa ƙarewa. Asibitin yana da gurbi ɗaya na horo, wanda ya samu za a sabunta masa takarda, ya bar wanki ya koma kan madubi. In bai samu ba, sai gida, da shi da iyalinsa, 'yan matan kuma su bar makarantar da suka fara. Likitar ce za ta rubuta sunan wanda ya dace. Tana son Yaya, amma ba takarda a hannunsa, kuma duk sanda ta tambaye shi inda ya koya sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Ana cikin haka matarsa ta haifi 'ya ta uku, Yaya ya gayyaci likitar suna.

Ana jibi suna na je gaida mai jego. Matar Yaya mace ce mai baki, kullum tana tsokanata da ɗan boko, ni kuma ina ce mata sai na sa Yaya ya mayar da ita ƙauye. Ran nan ba ta yi wasa ba. Ta ce, "Ɗan boko, ranar suna kusa da yayanka za ka zauna. Kai ne bakinsa." Na ce kada ta damu, babu kalmar da Baturiya za ta faɗa da za ta wuce ni. Ta dube ni za ta ƙara magana, sai jaririyar ta yi kuka.

Ranar suna da safe aka yi addu'a aka raɗa suna. Ragon tun ana gobe suna maza suka je wata gona bayan gari suka yanko shi. Falon ya cika da mutanenmu, 'yan Kano da 'yan Nijar da wasu 'yan zangon Gana, kowa ya cire takalmi ya tara a bakin matakala. Bayan azahar likitar ta iso da 'yar rigar jarirai a ƙunshe. Aka ba ta kujera ɗaya tilo mai hannu, aka ɗora mata farantin waina da soyayyen nama a cinya. Yaya ya zauna a ƙasa gefenta, ni ina dama da shi. A hagunsa kuma wani dattijo ne ɗan Nijar, direba a ofishin jakadancinsu, wanda muke kira Baba. Yana jin Faransanci, Turanci kuwa ko kaɗan.

Da ta ci ta yaba, sai ta ajiye farantin ta dubi Yaya ta ce tana son ta fahimci yadda aka yi ya gane cutar nan, abin da mutanenta uku suka duba suka wuce. Na fassara. Yaya ya dubi tabarma ya ce, "Ka ce mata sa'a ce kawai. Allah ne ya nuna mini."

Falon ya yi shiru, maza suka juyo suna kallona.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da shirun nan yake jira. Mutumin kirki ba ya yabon kansa da bakinsa, balle a gidansa a gaban baƙi. In an tambaye shi sai ya ce sa'a ce, ya ce bai iya komai ba. Shi ya sa ba ya zuwa neman abu shi kaɗai, sai ya tafi da wani. Shi ya ƙasƙantar da kansa, na gefensa kuma ya ɗaga murya ya ce, ƙyale shi, kunya ce, wannan da kike gani shekara takwas ya yi yana wannan aiki, duk gundumarmu shi ake kai wa jini. Sai mai abin ya ce a'a, a'a, ana ƙara gishiri, na gefe ya ce wallahi ko rabi ban faɗa ba. Haka na ga ana yi a zauren mahaifina tun ina rarrafe. Abin da matar Yaya take nufi ke nan da ta ce ni ne bakinsa.

Ni kuwa na gyara zama na fassara maganarsa tsaf, kalma da kalma. Likitar ta ce ta ji, amma ya taɓa yin irin wannan aikin a da? Yaya ya gane tambayar, ya nuna da yatsu biyu ya ce kaɗan-kaɗan. Ta juyo wurina tana murmushi, ta ce ni da na san shi tun daga gida, me zan kira wannan abu? Ta ce ko "serendipity" ne.

Kalmata ce, wadda na fi so, ta fito daga bakin Baturiya likita a gaban jama'a. Kaina ya kumbura. Na manta da Yaya, na manta da takarda, abin da kawai na gani shi ne dama ta zo. Na ce mata, cikin ladabi irin na masu ilimi, wannan kalma ba ta zauna daidai ba, domin ita tana buƙatar mai nema da ya san abin da yake yi. Na bi mata sauran ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta allo. Na ce idan mutum ya leƙa madubi lokacin cin abinci ya ci karo da abu, kalmar da ta fi dacewa ita ce "fluke". Ta yi dariya ta ce Turancina ya fi nata. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar. Ban lura ba sai daga baya cewa ta daina tambaya, ta ɗauki farantinta ta koma kan waina.

Yaya bai ɗago kai ba. Yana jin Turanci fiye da yadda yake iya mayarwa, kuma ko bai san kalmar ba, ya ga fuskarta.

Bayan ta tafi ina saka takalmi a bakin matakala, Baba direba ya riƙo hannuna.

"Yaro, me ka ce mata da ta yi dariya haka?"

"Abin da Yaya ya ce na faɗa mata, Baba. Na ce sa'a ce."

"Wannan shi ya ce," in ji shi. "Kai fa, me ka ce?"

Ya saki hannuna ya sauka a hankali, yana dafa bango. A matakalar nan abin ya fara shiga jikina, amma na kore shi. Na gaya wa kaina ai ni ɗan gida ne, ɗan gida kuma ba ya yabon nasa. Na gaya wa kaina aikin mai fassara ya faɗi abin da aka faɗa. Makonni na yi ina riƙe da waɗannan uzurai biyu, kuma duka ƙarya ne. Na san abin da ya kamata in yi, na zaɓi in gyara wa likita Turanci.

Bayan mako uku aka ba wani saurayi mai takardar shaida gurbin. Da na ji, na tsallake darasi na tafi asibitin, na jira likitar a bakin ofishinta har ta fito. Na zayyana mata komai, shekara takwas ɗin, da tsohon malamin asibiti, da layin mutane da damina. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta ce takardun sun riga sun wuce hannunta. Ta ce da ma abin da take nema ke nan, mutum ɗaya da zai ce ya san ya yi aikin, da ta rubuta ta sa hannu. Sannan ta tambaye ni me ya sa ban faɗa ba ranar da ta tambaya. Na tsaya ina kallon takalmana.

Daga can na wuce gidan Yaya da niyyar in durƙusa. Na tarar yana gyara wa babbar 'yarsa jakar makaranta da allura. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Ba rabona ba ne. Ka ci abinci?"

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Bai taɓa ɗaga zancen ba. Watanni huɗun da suka rage musu, kowace Juma'a yana ajiye mini wuri kusa da shi a falon da muke salla, kowace Lahadi ana aiko mini da miya. Ina ci ina jin kunya, kuma ban taɓa mayar da kwanon da saura ba.

Ana gobe za su tashi na je taya su ɗaure kaya. Ƙarshen hunturu ne, da sauran sanyi, ina sanye da kwat ɗina. Yaya ya fita sallama da maƙwabta, aka bar ni da matarsa a falon da ba komai sai akwatuna. Tana naɗe zannuwa ba ta kallona. Don in cika shirun, sai na ce wa zai taya ni yanzu, ni da na saba sa'a tana bina tun ranar da na sauka.

Ta ajiye zanen.

"Ɗan boko, zo nan."

Na matsa. Ta kama hannun kwat ɗin ta juya bakinsa, ta nuna mini ɗinki a ciki, zare baƙi a kan yadi ruwan toka, ƙanana a jere.

"Hannuna ne wannan. Na warware na ƙara tsawo, don ka fi shi dogon hannu. Babu wani ɗan Nijar. Tasa ce. Hunturun da ya ba ka ita, da rigunan saƙa biyu ya yi shi."

Na tuna kwat ɗin da na gani a hannunsa a filin jirgi.

"Ɗakin kuma, Lahadi biyu ya yi yana yi wa tsohuwar nan fentin matakala kafin ta yarda ta ba ka. Filin jirgi kuwa, babanka ne ya aiko da saƙo ta bakin wani, ya ce ɗansa na nan tafe a makon, bai san ranar ba. Kwana uku yayanka yana tashi daga aiki ya tafi can ya tsaya. A na ukun ka fito."

Na ce me ya sa bai gaya mini ba. Tambayar wauta ce, na sani tun kafin ta gama fita daga bakina.

"Ya gaya maka ya ce me? Ya ce ni na yi maka? Don ka riƙa sunkuyar da kai in ka gan shi?" Ta saki hannun rigar. "Ya ce maka sa'a ce don ka ci da daɗi. Ni na ɗauka ka gane tuntuni, kana yi masa kara ne. Sai ranar suna na san da gaske ka yarda."

Ta koma kan zannuwanta. Na fara cire kwat ɗin, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Mayar da ita jikinka. Can ba sanyi, kuma in ya gan ta a kan akwati zai san na yi magana."

Washegari na raka su filin jirgi. Yaya ya riƙe hannuna ya yi mini nasiha a kan salla da karatu, ya ce in riƙa leƙa Baba direba don ya tsufa. Sannan ya gyara mini wuyan kwat ɗin, ya ce har yanzu tana nan da ƙarfinta, ɗan Nijar ɗin nan ya iya zaɓen kaya. Na ce e, Yaya, ya iya. Ya ɗauki jaririyar daga hannun uwarta suka shiga.

Jan littafin yana nan cikin kayana har yau, ban ƙara rubuta komai a ciki ba. Kwat ɗin kuwa na ƙara hunturu uku da ita, don ba ni da wata. Kullum da safe in na zura hannu, ɗinkin nan yana gogar wuyan hannuna har in kai tashar jirgin ƙasa.